Waya Nawa Bututu Zai Ɗauka? Laccar Lissafin Cika Bututun Wayar Lantarki

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu sana'a da ɗalibai, ku dubi wannan guntun bututun da ke hannuna. Na cusa masa waya goma sha ɗaya, duka sun shiga. To, wanda ya ce aikin ya yi kyau tunda sun shiga, shi na zo yi wa magana yau. Shigar waya daban, zamanta lafiya cikin bango shekara ashirin daban.

Duk wayar da wuta ke bi ta cikinta tana ɗumi. Wannan ɗabi'ar jan ƙarfe ce, ba laifin kowa ba. Ɗumin nan sai ya samu hanyar fita, kuma iskar da ta rage a bututun na cikin abin da ke taimaka masa. In ka danƙare bututu, zafi ya taru, robar da ke jikin waya ta fara bushewa, ta yi tauri, ta tsage. Ba a rana ɗaya ba. A hankali, cikin bango, inda ido ba ya gani. Ga kuma wahalar ja: waya ta goge 'yar'uwarta, ta karce a bakin kwana, ka gama aiki da rauni a jikinta ba ka sani ba.

Saboda haka dokar lantarki ta Amurka, wadda ake kira NEC, ta yanke kaso. Waya ɗaya, ta ci kaso 53 cikin 100 na filin cikin bututu. Waya biyu, kaso 31. Uku zuwa sama, kaso 40. In guntun bututu ne tsakanin akwatunan haɗa waya biyu, wanda bai wuce santimita 60 ba, an yarda ya kai kaso 60.

Na ga wasu sun ɗaga gira a kan 31 ɗin nan. Ta yaya biyu za su samu ƙasa da uku? Ku zana da'ira, ku sa ƙananan da'irori biyu a ciki kafaɗa da kafaɗa. Suna cin rabin filin, sun riga sun taɓa bango hagu da dama, babu motsi. Biyu a jere suke kwanciya, uku kuwa sukan dunƙule su zauna. Wannan ne dalili.

Yanzu lissafin. Ku fito da biro.

Faɗin ciki za ka auna, ba na waje ba, domin kaurin bututun ba ya ɗaukar waya. A ce mun auna mun samu milimita 16. Rabinsa 8. Takwas sau takwas 64, sau 3.14, ya ba mu kusan 201. Wannan shi ne filin ciki a murabba'in milimita. Kaso 40 ɗinsa, 80. Tamanin ɗin nan ita ce duk rabonka.

A nan ne nake so ku buɗe kunne sosai, don nan aka fi faɗuwa. Yaro zai duba jikin waya ya ga an rubuta 2.5, sai ya raba 80 da 2.5, ya ce waya 32. Subhanallahi! Wannan 2.5 girman jan ƙarfen ne kawai, ba a sa robar ba. Bututu kuwa waya yake ɗauka da rigarta. Sai ka auna kaurinta gaba ɗaya, ko ka duba takardar kamfanin da ya yi ta. A ce kaurin milimita 4 ne. Rabi 2, biyu sau biyu 4, sau 3.14, kusan 12.6. Raba 80 da 12.6, ka samu 6.3. Waya shida ke nan. Daga 32 zuwa 6, ku dubi tazarar. In wayoyin girmansu ya bambanta, lissafa filin kowace, ka tara, jimillar kada ta haura 80. Wayar at, wato wayar kariya da ake haɗawa da ƙasa, ma tana cikin ƙidaya, domin ita ma wuri take ci.

Masu bin tsarin Ingila da teburi, wato jadawalin lambobi, suke aiki: kowace waya da lambarta, kowane bututu da tasa gwargwadon tsawo da yawan kwana, jimillar wayoyi kada ta wuce ta bututu. Hanya ce daban, manufa ɗaya.

Amma shida sun shiga, ba a gama ba. Da zarar wayoyin da ke ɗauke da wuta sun haura uku a bututu ɗaya, NEC ta ce a rage nauyin da ake ɗora wa kowace. Huɗu zuwa shida, kaso 80. Bakwai zuwa tara, kaso 70. Goma zuwa ashirin, rabi cif. Wayar da teburin ƙarfin waya ya ba amfiya 25 (ma'aunin yawan wutar da za ta ɗauka), cikin shida ta koma 20. Ni a ganina wannan ya fi lissafin fili muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa, sai a sa bureka babba a kan wayar da ƙarfinta ya riga ya ragu.

Malam, na ga hannunka. Kwana? Madalla da tambayar. Tsakanin akwati da akwati, jimillar lanƙwasa kada ta wuce digiri 360, wato kwana huɗu masu digiri 90. Ni ko uku na kai, nakan nemi wurin sa akwatin jan waya. In kuma lissafinka ya zo dab da iyaka, ɗauki bututu na gaba da shi a girma, domin watarana mai ginin zai ce a ƙara masa layi ɗaya, kuma bangon an riga an shafe shi.

Ku miƙo mini ma'aunin can, mu auna wannan mai sha ɗayan tare mu ga nawa za mu zare.