Fodkas ɗin Zare da Allura: Matashin da Ba a Kwanciya a Kansa

Sadiya: Assalamu alaikum masu sauraro. Yau ina tare da Anti Binta da Yaya Nura, kuma Turai za mu leƙa. Anti, wai leshi har da na hannu?

Binta: Ai shi ne na asali, Sadiya. Wanda muke yin anko da shi aikin inji ne, daga Ostiriya da Suwizalan ya fara zuwa mana. Na hannun kuwa tun ƙarni na 16 ake yinsa a Italiya da yankin Filandas na Beljiyom. Za a naɗa zare a 'yan sanduna, a kafa takardar zane a kan matashi, a riƙa sarƙa zaren ana soka fil yana riƙe shi.

Nura: To matashi ai ba wuya. A cusa audugar rimi, shi ke nan.

Binta: Kai Nura, ka ɓata aikin tun ba a fara ba! Laushi shi ne abokin gabar wannan sana'a. In fil ya karkata, zaren ya saki, zanen ya murguɗe. Shi ya sa a Honiton, can kudu maso yammacin Ingila, busasshen karan sha'ir suke yankawa, su cusa, su daddaka da guduma, su sake cusawa, har sai ka danna da babban yatsa bai lotsa ba. Leshin da ke jikin rigar auren Sarauniya Biktoriya a 1840 irin nasu ne.

Sadiya: Inda babu sha'ir fa?

Binta: Kowa da abin da ƙasarsa ta ba shi. A Idrija ta Sulobeniya garin katako suke zubawa a matashi mai siffar ganga, su ɗora shi cikin kwando. Matan arewa maso gabashin Birazil kuma busasshen ganyen ayaba, wasu ma ƙayar wani tsiro suke sokawa a madadin fil.

Nura: Na ga na yanzu da farin soson nan mai tauri, irin wanda ake tallafe firji da shi cikin kwali.

Binta: Ga arha ga rashin nauyi, amma tsakiyarsa na rududdugewa da yawan suka. Ni dai na fi son na kara. Sharaɗinsa ɗaya, ya bushe ƙarau, in ba haka ba ya yi fumfuna, fil ya yi tsatsa ya ɓata farin zare. Don haka ma aka fi son fil na tagulla.

Sadiya: Yadin da za a rufe shi kuma, a sa atamfa mai kyau?

Binta: A'a, 'yar nan. Zanen atamfa zai hana ki ganin zare, idonki ya gaji. Yadin auduga zalla mai saƙa a matse, shuɗi ko kore mai duhu, launi ɗaya. A wanke shi tukuna har ya daina zuba.

Nura: Karan-miski fa? Ai ya fi armashi.

Binta: Gashinsa zai bi zaren ya shige cikin leshin, kuma ba ya fita.

Sadiya: To Yaya Nura, a mayar da karan-miskin akwati. Bayan talla za mu koma kan sandunan, da itacen da ake sassaƙa su.