Hanyar zama masanin falaki daga Katsina

Masu kallonmu, mutane da yawa suna zaton masanin falaki a fili yake kwana yana leƙen taurari, alhali mafi yawan aikinsa a gaban kwamfuta yake yi, da rana tsaka. Manyan na'urorin hangen nesa suna can a kan duwatsu da cikin hamada, kamar MeerKAT mai manyan faranti 64 na kama sigina daga sararin samaniya da ke yankin Karoo a Afirka ta Kudu, kuma ba a ba mutum damar amfani da su sai ya rubuta takardar neman lokaci, kwamitin masana ya tantance ta. Idan ya dace, lambobi ne zalla za su iso masa ta intanet, ya shafe watanni yana tace su da Python, wato harshen rubuta manhajar kwamfuta, sannan ya rubuta maƙalar da takwarorinsa za su bi da idon basira kafin a buga ta.

Don haka ɗalibin da ke sakandare a Katsina ko Daura ya riƙe lissafi da fiziks da hannu biyu. Yana iya yin digirin farko na fiziks, shekara huɗu, a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, daga nan ya nufi inda aka ƙware a fannin, irin su Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, wadda ke da sashen fiziks da falaki. Digiri na biyu bai isa ba ga mai son bincike; sai ya kai ga na uku. Ba kuwa shi ne Bakatsine na farko da zai yi ƙaura don wannan ilimi ba, domin Malam Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da falaki, a Alƙahira ya rasu a 1741.

Inda gizo ke saƙa shi ne bayan kammalawa. A ƙasashen waje, sabon dakta yakan yi aikin bincike na kwantiragin shekara biyu ko uku, ya kwashe iyali zuwa wata ƙasa, ya sake wani, kafin ya samu kujera ta dindindin, idan ma ya samu. A gida kuma guraben ba su da yawa: koyarwa a jami'a, ko aiki a hukumar binciken sararin samaniya ta NASRDA da aka kafa a 1999, wadda ke da cibiyar bincike a Nsukka. Akwai kuma hidimar lissafin tsayuwar jinjirin wata, wadda al'ummarmu ke buƙata duk shekara gab da azumi, sai dai ba ita ce za ta ciyar da gida ba.

Wannan ne ya sa muke ganin kuskure ne ɗalibi ya ɗauki koyon rubuta manhaja a matsayin abin gefe. Da yawa daga waɗanda suka bar binciken falaki, da wannan ƙwarewar suke samun aikin nazarin bayanai a bankuna da kamfanonin sadarwa.