Layin tsaye, layin kwance: me farcenku ke faɗa bayan shekara 40?

Jama'a, ku ɗan shafa farcenku da yatsa. Idan kun ji ƙananan kunyoyi a tsaye, daga gindin farce zuwa bakinsa, ku kwantar da hankali. Galibi shekaru ne, kamar furfura. Sanyin Jos da hunturu, ga omo da wanke-wanke, su ke ƙara fito da su. Man kaɗanya ko basilin a gindin farce kowane dare ya wadatar, kuma a daina gurje su, farcen sirancewa yake yi ya tsage.

Layin kwance shi ne mai labari. Wani kwari ne da ya ratsa farce daga gefe zuwa gefe, wanda likitan Faransa Beau ya bayyana a 1846. Idan jiki ya sha wuya, kamar zazzaɓi mai tsanani, taifot, tiyata ko suga da ya ƙi sauka, sai tushen farce ya dakata da aiki na ɗan lokaci, ya bar gurbi. Farcen hannu yana tsiro kusan milimita 3 a wata. Mata sun san wannan: watanni biyu bayan lallen Sallah, jan ya matsa gaba, fari ya fito daga gindi. To haka ake lissafin kwarin. Idan yana milimita 9 daga gindi, ku tuna me ya same ku wata uku da suka wuce. A yatsa ɗaya kawai? Bugewa ce, ko wuƙar mai yankan farce ta shiga fatar gindin. A duk yatsu, kuma ba ku yi jinya ba, a gwada suga.

Farcen da ya loɓa kamar cokali har ɗigon ruwa ya zauna a ciki, yawanci ƙarancin sinadarin ayon ne, wanda jiki ke haɗa jini da shi. Matan da jinin al'ada ke yi wa yawa su je gwajin jini. Farin ɗigo kuwa bugewa ce kawai.

Baƙin layi a tsaye ya zama ruwan dare ga baƙar fata, musamman a yatsu da yawa. Amma sabo, a yatsa ɗaya, faɗinsa ya wuce milimita 3, yana faɗaɗa ko launin ya malalo kan fata, wannan na iya zama kansar fata. Kada a rufe shi da lalle. A ɗauki hotonsa, a kai wa likitan fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos cikin makon nan.