Waya Mai Kai Uku Ko HDMI: Wacce Ta Dace Da Telen Gidanka?

Assalamu alaikum ƴan uwa masu kallonmu a Maradi da kewaye. Yau za mu yi magana kan wayar da ke kai hoto daga dekoda zuwa tele. Kowa ya ɗan juya telensa ya dubi ramukan da ke bayansa, domin a can amsar take.

Gidaje da yawa a garin nan, daga unguwar Zariya har Ali Ɗan Sofo, an sayi plasma babba da kuɗi masu kauri, amma har yanzu wayar nan mai kai uku, rawaya da ja da fari, ita ke kai mata hoto. Sai mai gida ya ga hoton dishi-dishi, rubutun da ke wucewa a ƙasan allo ba ya karantuwa sosai, ya ce an cuce shi a kasuwa. Sau da yawa telen lafiyarsa lau. Wayar ce ta kai iyakarta.

[Hoto: waya mai kai uku a tafin hannu]

Wannan ita ake kira AV, wasu su ce RCA, sunan kamfanin Amurka da ya fito da irin kan nan tun zamanin rediyo. Ja da fari na murya ne, dama da hagu. Rawayan shi kaɗai ke ɗaukar hoton duka, haske da launi a cakuɗe cikin zare ɗaya. Shi ya sa za ka ga jan riga yana malalowa ya wuce jikin ɗan ƙwallo, ko riga mai ratsi-ratsi tana rawa a allo. Tsarinta analog ne, wato hoton yana tafiya a matsayin ƙarfin wuta mai hawa da sauka. Duk abin da ya taɓa wutar nan a hanya, tsatsa a kai, tsawon waya, ko wayar lantarki da ke kwance kusa da ita, sai ya bar alama a hoton. Kuma ko da ta fi kowace kyau, ba ta wuce layi 576, wato yawan layukan da ake jerawa a allo su haɗa hoto. A tsohon tele mai ƙaton baya wannan ya isa, don dama haka aka ƙera shi. A plasma mai layi 1080 kuwa, dole telen ya miƙe ɗan hoton nan ya cika allo, kuma digo-digon da allon ke iya nunawa sun ninka abin da wayar ta kawo kusan sau biyar.

[Hoto: kan HDMI kusa da kamara]

HDMI kuma dijital ce. An fitar da tsarinta na farko a ƙarshen 2002. Kanta yana da ƴan ƙananan haƙora 19, kuma waya ɗaya ce ke ɗaukar hoto da murya tare. Abin da ke bi cikinta lambobi ne, sifiri da ɗaya. Ku tuna yadda ake kwafar kaset daga kaset, kowane kwafi muryarsa ta fi ta baya dusashewa, amma waƙar da aka turo maka ta waya takan iso yadda take. To haka bambancin yake. In lambobin sun isa, hoton ya fito cif. In ba su isa ba, za ka ga ƴan fararen ɗigo suna ƙyalli, ko allon ya ɗauke ya dawo, ko ya yi baƙi gaba ɗaya.

Wannan maganar tana da amfani ga aljihunka. Za ka shiga babbar kasuwa, mai shago ya ɗauko waya mai kan ruwan zinariya cikin kwali mai ƙyalli ya ce, "Alhaji, wannan ta fi fitar da kala." Ka amsa masa cikin mutunci, "Malam, ba ni mai sauƙin, mu gwada ta a nan." Indai mai arha tana aiki, hoton da za ta ba ka daidai yake da na mai tsada, ba ƙarin ja, ba ƙarin haske. Abin da za ka duba shi ne ƙwarin kan, kada ya zama mai girgiɗi cikin rami, da kaurin roba a wuyan wayar, domin a nan take karyewa. Sai rubutun da ke jikinta: wadda aka rubuta wa High Speed ta ishi dekoda mai 1080. Mai telen 4K, wanda layukansa suka fi 1080, da ke son hoto 60 a daƙiƙa ya nemi Premium High Speed, wadda ta dace da HDMI 2.0 na 2013. Mita ɗaya da rabi ko biyu ya wadatar a yawancin ɗakuna, kada ka sayi mita goma ka naɗe ta bayan tebur.

Akwai wasu ramukan da za ku iya gani. Telen gwanjo da ya fito daga Turai yakan zo da wani faffaɗan rami mai haƙora 21, Peritel ke nan, na Faransa, wanda aka wajabta wa telebijin na can a 1980. Analog ne shi ma, amma in dekodar tana da irinsa ya fi rawayan nan tsabta, saboda yana iya raba launuka. Haka ramuka uku masu tsanwa da shuɗi da ja, su ma analog ne amma suna kai hoto har 1080. A kula, jan cikinsu na hoto ne, daban yake da jan murya. Shuɗin rami mai haƙora 15 kuma VGA ne na kwamfuta, ba ya ɗaukar murya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, don na ga yana cinye kuɗin talaka a banza. Ana sayar da wata waya, gefe ɗaya HDMI, ɗaya gefen kai uku, ba akwati a tsakiya. Kada ku saya. Zaren tagulla ba ya iya mayar da lambobi su koma analog, sai da ƙwaƙwalwar lantarki a tsakani. Wanda ke da sabuwar dekoda mai HDMI kaɗai da tsohon tele, ɗan akwatin canji zai nema, mai cin wuta ta USB. Kuma akwatin hanya ɗaya yake bi: wanda aka rubuta wa HDMI2AV na sabuwar na'ura ne zuwa tsohon tele, AV2HDMI kuma na tsohuwar na'ura ne zuwa plasma. In ka sayi na baibai, ba abin da zai fito. Kuma kada a sa ran akwatin zai ƙara wa tsohon faifai kyau, abin da aka ba shi zai miƙa.

To, in telenka na da ne kuma yana aiki, ka riƙe wayarka mai kai uku, ka goge ƙurar hunturu daga kawunan, ka raba ta da wayar wuta. In tele da dekoda duk suna da HDMI, ba wani dogon tunani. Sai dai bayan ka jona, ka danna Source a rimot ka zaɓi lambar ramin da ka sa, sannan ka shiga saitin dekoda ka ɗaga hoton zuwa 1080. Dekoda da yawa suna nan a kan 576 ko da an sa musu HDMI. Tashar da ake watsawa da ƙaramin hoto kam haka za ta zauna, amma tashoshin HD, masu babban hoto, nan take za ka ga bambanci, har ciyawar fili.

Masu gidan kallo da ke jan hoto zuwa tele biyu ko uku lokacin ƙwallo ko kokowar takobi, ku sani HDMI zalla tana fara gardama in ta kai mita 10 zuwa 15. Ku nemi akwatin raba hoto mai wutar kansa, ga nesa kuma akwai na'urar da ke tura HDMI ta wayar intanet ta Cat6.

Abu na ƙarshe, kafin a cire ko a mayar da wayar HDMI, ya fi aminci a kashe na'urorin biyu tukuna. Da damina kuma, in hadari ya taso da tsawa, cire fulogi kaɗai bai isa ba. Ƙarfin tsawa yana iya biyo wayar parabol ya shiga dekoda, ya bi HDMI ya ƙone ramin telen. A kwance wayar parabol daga bayan dekoda har hadarin ya wuce.