Ruwan soda da harshen yaro

Rabi: Salamu alaikum, jama'ar Maraɗi. Tun shekaranjiya saƙonni sun cika mana waya kan yaran da ke kurɓar ruwan soda na masu haɗa sabulu.

Sani: Ko a fada zancen ke nan, Yaya Rabi.

Rabi: Ai dole. A jiƙa soda cikin robar ruwan sha, a ajiye bakin ɗaki, yaro ya shigo da ƙishirwa. Nan take leɓe ya kumbura, harshe ya yi fari fat, yawu na dalala, haɗiya ta gagara. Amma ku ji ni da kyau, wani yaron in ka buɗe bakinsa ba ka ganin komai, alhali maƙogwaro ya ƙone. Sai bayan makonni hanyar abinci ta tsuke, ko kunu ba ya wucewa.

Isa: Mu dai a gidanmu manja ake ɗurawa.

Rabi: Kar a kuskura, Malam! Ba manja, ba nono, ba tsamiya, kuma kar a sa yatsa don ya yi amai. Abin da ya ƙona da shiga zai sake ƙonawa da fita. A kurkure bakin da ruwa mai tsabta ya tofar, a ɗauki robar, a nufi likita.

Sani: Manja dai ya sha wuya. Kunama manja, ƙuna manja.

Isa: Tari ma manja! Kakata har ciwon kunne.

Sani: Da tsadarsa yanzu a babbar kasuwa? Gara a bar wa miya abinta.

Isa: Miyar kuka da manja, a sa yaji...

Rabi: Ku dawo, don Allah. Piya-piya, maganin ƙwarin nan, in yaro ya sha daban take, ita yawu ne ba iyaka, gumi, amai, ƙwayar ido ta ƙanƙance. A cire masa kayan da ta jiƙa, a ruga da shi. Masu cusa garin taba da kanwa a baki kuwa, farin tabo ko miki a harshe da ya wuce mako 2 bai warke ba, a kai wa lokotoro ya duba, don sankara kan fara a haka.

Isa: Gubar dalma fa? Irin ta Zamfara a 2010?

Rabi: Wannan ta fi nunawa a dasashi, kuma...

Sani: Yaya, an kira la'asar. Sai mako mai zuwa, jama'a.