Amsoshin Tambayoyinku: kwamfuta ta yi nauyi, in sayi manhajar wanke rajista?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka, mutanen Garwa da Marwa da Ngaundare, da na Kuseri, da ƴan'uwa na tsallaken ruwa a Njamena da suke kama mu. Saƙonnin wannan mako yawanci akan kwamfuta da waya ne, toh bari mu fara.

Na farko daga wani Alhaji ne mai shagon fotokofi a unguwar Yelwa nan Garwa. Yace: "Kwamfutar shagona tayi nauyi, in na kunna ta har inje inyi alwala in dawo bata gama tashi ba. Wani yaro ya saka min manhaja wai tana wanke rajista, ta duba tace taga matsala 1,400 amma sai na biya kafin ta gyara. In biya?"

Alhaji dan Allah kar ka biya, ko dala ɗaya. Bari in faɗa maka mene ne wannan rajistar tukuna. Windows tana da wani babban littafi a cikinta inda take rubuta komai, wace manhaja aka saka, wace firinta aka haɗa, in ka danna takarda wa zai buɗe ta, har hoton da ke kan allonka a rubuce yake a can. Tun Windows 3.1 a 1992 abin yake, Windows 95 tazo ta faɗaɗa shi. In ka cire wata manhaja, gaskiya ne wani lokaci tana barin ƴan layuka a littafin, kuma irin waɗannan ne manhajar taka ta ƙirga ta sa musu jan launi ta kira su matsala. Amma Alhaji kai ɗan kasuwa ne, kasan littafin bashi. In akwai sunan wanda ya biya tun bara ba a soke ba, wannan zai hana ka sallamar mai saye yau? Ba zai hana ba. Haka Windows take, ba ta bin littafin layi layi daga farko, wurin da take so take zuwa kai tsaye, layukan da suka mutu ba su tare mata hanya ba kuma wurin da suke ci bai kai hoto ɗaya na waya ba.

Inda haɗarin yake shine ka miƙa littafin ga wanda bai san mutanen unguwa ba kace ya soke duk sunan da bai gane ba. Na sha ganin haka da idona, an wanke rajista da daddare, da safe firinta taƙi, ko Word yaƙi buɗewa, wani ma kwamfutar ce gaba ɗaya taƙi tashi sai an sake zuba Windows, kuma mai shago irinka da ke da takardun mutane a ciki, na ɗalibai da na masu neman aiki, wannan asara ce ta gaske. Kamfanin Microsoft da kansa da yayi Windows ya fito ya faɗa cewa baya goyon bayan amfani da irin waɗannan manhajoji, kuma baya lamunin cewa abin da suka ɓata zai gyaru.

Nasan wani zaice ai CCleaner, ɗaya daga irin waɗannan manhajoji, sananniya ce. Eh sananniya ce, kuma ɓangarenta na share tarkacen fayil yana aiki. Amma a 2017 ɓarayin intanet sun shiga wurin masu yinta suka cusa cuta a cikin fitowa ta 5.33, mutum sama da miliyan 2 suka sauke ta daga hanyar kamfanin ta asali ba daga wani lungu ba. In mai suna ta gamu da haka, ina ga wadda ba a san uwarta ba a san ubanta ba, da yaro ya kawo a kile, ɗan abin ajiyar fayil da ake sokawa a kwamfuta.

To me ya sa kwamfutar tayi nauyi? A ƙasar nan abu na farko da nake tuhuma ƙura ce da zafi. Hunturu ya wuce ya cika fanka da ƙura, sannan Maris da Afrilu suzo zafi ya haura digiri 40, kwamfuta in taji zafi da kanta take rage gudu don kar ta ƙone. Ka kai ta wurin mai gyara a buɗe a hure ta, ka ɗaga ta daga ƙasa, kar a jingina ta da bango. Bayan nan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, wani allo zai fito, tunda yawancin namu da Faransanci suke zaka ga inda aka rubuta Démarrage, nan ne jerin manhajojin da suke tashi tare da kwamfutar, kashe waɗanda baka buƙata. Akwai kuma Nettoyage de disque, yana cikin Windows kyauta ne. In kuma tsohon diski ne mai juyawa a ciki, kuɗin da zaka ba waccan manhajar ka ƙara akai ka sayi SSD, wato diski na zamani mara juyawa mai sauri, wlh zaka ɗauka sabuwa aka kawo maka. Ita kuma manhajar a cire ta yau.

Wani ɗalibi daga Dang, jami'ar Ngaundare, yace malaminsu ya nuna musu regedit, wato manhajar Windows da ake buɗe rajistar da ita a canza abu da hannu, yana so ya gwada. Ƙanena gwada, da haka ake koyo, amma ba a kwamfutar da aikinka na ƙarshe yake ciki ba, kuma kafin ka taɓa komai ka shiga Fichier kayi Exporter ka ajiye kwafi, ka kuma yi point de restauration, wato ajiye yanayin Windows na yanzu don a iya komawa gare shi in abu ya ɓaci. A regedit babu tambayar ka tabbata zaka ajiye, kana canzawa ya zauna.

Sai saƙon wata baiwar Allah daga Domayo a Marwa, wannan ya taɓa ni. Tace saƙonni sun dame ta dare da rana, wai ta ci kyauta, wai wayarta ta kamu da cuta ta danna nan a wanke, shekaranjiya kuma wani ya turo cewa yayi kuskuren tura mata kuɗi ta mayar masa, har ya kira yana haɗa ta da Allah, saura kaɗan ta tura. Hajiya Allah ya tsare ki. Saƙon shigar kuɗi na gaskiya da sunan kamfanin layin yake zuwa, Orange Money ko MTN, ba daga lambar mutum ba, kuma ko da sunan kika gani kar ki tsaya a saƙon, ki duba asusunki da kanki kiga ko kuɗin sun ƙaru. Lambar sirrinki kuwa ba wanda zaki faɗa wa, ko yace daga ofis yake kira, haka lambobi shida da WhatsApp ke turowa, duk wanda ya roƙe su WhatsApp ɗinki yake son ɗaukewa ya riƙa roƙon danginki kuɗi da sunanki.

Kar ki amsa musu ko da zagi ne, amsawa ce take nuna musu akwai mutum a layin sai su ƙara yawa. A WhatsApp ki danna Signaler sannan Bloquer, ki shiga Paramètres ki kunna Vérification en deux étapes, wato ƙarin lambar sirri da zata tsare miki WhatsApp ɗin, in baki iya ba ɗaya daga yaran gida ya nuna miki amma ke zaki zaɓi lambar da hannunki. Shi kuma wancan na cewa wayarki ta kamu da cuta, ɗan uwan manhajar Alhaji ne, talla ce kawai, shafin intanet ba zai iya leƙa cikin wayarki ya ƙirga cuta ba, tsoro suke sayarwa. Haka a kwamfuta in allo ya cika da ja yana ƙara yana cewa ka kira wata lamba, Microsoft bata sa lambar waya a saƙon matsala, rufe shafin kawai.

Akwai tambaya daga Kuseri akan kile da duk fayilolinsa suka koma raccourci, wato alamar fayil kawai ba fayil ɗin kansa ba, bayan an kai shi sibar, shagon intanet. Malam kar kayi masa foma, wato goge shi gaba ɗaya, yawanci takardun suna nan ɓoye su akayi, kuma kar ka danna raccourci ɗin ko ka soka shi a wata kwamfutar. Lokaci ya cimmana, mako mai zuwa in Allah ya kaimu da ita zamu buɗe shirin, in nuna yadda ake fito da su.