Tudun Erbil, garin da aka gina a kan gari

Assalamu alaikum. Iyayena malamai, 'yan'uwa ɗalibai, na gode da kuka zauna sauraro.

Duk wanda ya tsaya a dandalin kasuwar Ƙaisari ta Erbil, babban birnin yankin Kurdawa a arewacin Iraƙi, ya ɗaga kai sama, zai ɗauka dutse yake gani irin Dala. Ni ma haka na ɗauka. To, ƙasa ce zalla, tsayinta kusan mita 30, kuma mutane ne suka tara ta ba da niyya ba. Gidan ƙasa ya rushe, jikoki su baje shi su ɗora nasu a kai, shi ma ya tsufa ya faɗi, a sake ɗorawa. Kun san yadda kufai yake zama tudu a ƙauye. Haka aka yi ta yi a nan dubban shekaru.

Kurdawa Hewler suke ce wa garin. A rubuce-rubucen zamanin Sarki Shulgi na Ur, wani tsohon birni a kudancin Iraƙi, shekara 4,000 da suka wuce, sunansa Urbilum. Assuriyawa, mutanen wata tsohuwar daula ta yankin, suka kira shi Arba-ilu, inda haikalin gunkiyarsu Ishtar yake. Ba da nisa sosai ba Iskandar, sarkin Makidoniya, ya murƙushe Sarki Dariyus na Farisa a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa.

Abin da ya fi taɓa ni kuwa shi ne Muzaffaruddin Gokbori, mijin 'yar'uwar Salahuddin Ayyubi, wanda ya mulki Erbil daga 1190 zuwa 1233. Malamai, kun san shi a littattafan tarihi: shi ne ya shahara da gagarumin bikin maulidi, ana yanka dabbobi, ana ciyar da talakawa da baƙi daga garuruwa masu nisa. Hasumiyar masallacin zamaninsa tana nan tsaye a yamma da tudun. Da na tsaya a gindinta, wallahi daren maulidin unguwarmu ne ya faɗo mini a rai.

Na hau ta ƙofar kudu. Gidajen bulo masu ruwan ƙasa sun jeru a bakin tudun, bango manne da bango, har sun zama ganuwa. A gidan adana saƙar Kurdawa na daɗe gaban wata darduma ja, zarenta ya siɗe a daidai inda ake ɗora goshi.

Amma shirun wurin ya dame ni. A 2007 aka kwashe mazauna domin a yi gyara, aka bar iyali guda kacal don kada zaman mutane ya yanke. A 2014 UNESCO ta sa tudun cikin wuraren tarihi na duniya. Gyaran ya yi kyau, ban musa ba. Sai dai na bi lungu bayan lungu ban ji kukan jariri ko ƙamshin girki ba, har na sauko gindin tudun, inda dattawa suke shan shayi a 'yan ƙananan kofunan gilashi.